Gargaɗi kan masu tallar na'urar gano "akwatin Jamusawa"

Jama'a, a yi hattara da wasu da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna tallar wata na'ura mai eriya biyu, wai tana hango tsofaffin harsasai da akwatunan zinare da sojojin Jamus suka binne a arewacin Kamaru. Damfara ce tsagwaronta. Ku jawo hankalin 'yan uwanmu na Garwa, Marwa, Mubi da Yola, domin su aka fi yi wa wannan tallar.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne an gina ƙaryar a kan tarihi na gaskiya. An gwabza yaƙi a can lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya: Garwa ta faɗi daga hannun Jamusawa a watan Yunin 1915, Banyo a Nuwamba, sannan kwamandan Jamusawa Kyaftin von Raben ya riƙe dutsen Mora tun daga 1914 har Fabrairun 1916. Don haka samun kwanson harsashi a waɗannan wurare ba abin mamaki ba ne. Amma zinare? Mutanen da ke kan dutsen Mora yunwa ta ci su har suka yanka dawakinsu, kuma da suka miƙa wuya sai da Turawan Ingila suka ba von Raben kuɗin da zai biya sojojinsa albashi. Wanda ya kasa biyan albashi, ina ya ga zinaren binnewa?

Ga yadda suke yi. Mai na'urar zai kai ka fili, ya riƙe ta a hannu, eriyar ta juya a hankali ta nuna gindin wata bishiya. A tona, sai ga kwanso uku ko huɗu sun yi kore. Dubi ƙasar da kyau: sako-sako take, ba saiwar ciyawa ko ɗaya a cikinta, don jiya da dare aka rufe ramin. Kwana biyu sai abokin cin mushensa ya kira ka, wai shi dillalin wani Bature ne, zai sayi kowane kwanso da kuɗi mai tsoka saboda akwai "jan makuri" a ciki. Babu wani abu mai suna jan makuri da ke da wannan daraja, tatsuniya ce da aka daɗe ana cutar mutane da ita. Kana biyan kuɗin na'ura, za a nemi na sinadarin wankewa, daga nan waya a kashe.

Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya faifai gare ta, ana shara shi dab da ƙasa, kuma ƙaramin abu kamar harsashi ba ta jin sa in ya wuce zurfin taƙi ɗaya zuwa kamu. Ita kuwa mai eriyar, karkatar hannun mai riƙe da ita ke juya ta. Irinta wani ɗan kasuwar Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam, kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 10 a 2013.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba asarar kuɗin ba ce. Tura matasa ake yi su riƙa sara ƙasa da diga a tsohon fagen daga. A Faransa da Beljiyam har yau manoma na tono harsasan igwa na wancan yaƙi waɗanda ba su fashe ba, kuma suna kashe mutane. Yankin Mora kuma ga nakiyoyin da Boko Haram ta dasa a hanyoyi.

Wanda ya ci karo da ƙarfe mai tsatsa mai siffar gurneti ko harsashin igwa, kada ya taɓa, kada ya kai wa 'yan gwangwan. Ya sa alama daga nesa, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da mai unguwa da jami'an tsaro.