Gyaran batir a rumfunan waya na Kasuwar Dole: kada a yi saurin canji

Masu gyaran waya na kusa da Kasuwar Dole a Damagaram sun iya aiki, amma da yawansu suna gaggawar canza batir da zarar an ce waya tana shan caji bayan sabunta babbar manhajar waya, wato Android ko iOS. Sau da yawa ba laifin batir ba ne. Bayan sabuntawa, waya tana sake jera hotuna da daidaita manhajoji a ɓoye, aikin da kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, har bayanta ya yi ɗumi. A bar ta a kan caji cikin dare, a sabunta manhajoji duka, sannan a duba sashen batir a saituna don ganin wacce ke cin wuta.

Mai gyaran kirki shi ne wanda zai fara auna lafiyar batir. A iPhone, in ta sauka ƙasa da kashi 80, canji ya dace. In murfin baya ya fara ɗagawa, batir ya kumbura, a cire shi yau.

Zafin Afrilu da ya haura digiri 40 yana lalata batir, don haka kada a yi caji a rana. A kuma ƙi batir marar suna da aka rubuta wa 5000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), a nemi garanti a rubuce.