Wata takwas da akwatin kifin ado mai lita 60

A watan Oktoban bara na sayi akwatin gilashi na kifin ado a wani shago a nan cikin Kano, bayan na daɗe ina wucewa ina leƙensa, kuma cinikin ya haɗa da kawowa gida da haɗawa da zuba kifi. Akwatin yana cin lita 60, tsawonsa santimita 60, ya zo da matatar ruwa da famfon iska da fitila a jikin murfi. Yanzu ya yi wata takwas a falona a Gyaɗi-Gyaɗi, ya ga hunturu ya ga bazara, saboda haka ina da abin cewa a kansa.

Game da kayan kansu ba ni da ƙorafi mai yawa. Gilashin yana da kauri, har yau bai yi yoyo ko ɗigo ɗaya ba, matatar tana aiki ba hayaniya, sai dai famfon iskar yana da gurnani da dare har sai da na ɗora shi a kan soso. Inda na ga gazawa shi ne wajen shawarar da aka ba ni kan kifin, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin duk wanda ya sayi irin wannan akwati rai zai zuba a cikinsa.

Ranar da aka haɗa, mai shagon ya zo da ledoji uku. A ciki akwai niyon tetra guda uku, masu layin shuɗi da ja kamar an kunna musu wuta, da taiga bab guda biyu masu ratsin baƙi huɗu a jiki, da zebira daniyo guda biyu masu zane a tsawon jiki. Na tambaye shi ko ba su yi kaɗan ba, ya ce: "Alhaji, ai kyan abin a samu kala-kala, biyu-biyu sun isa, idan suka yi yawa ruwa zai lalace." Na yarda da shi domin sana'arsa ce, kuma a daren farko abin ya yi kyau ƙwarai, yara sun ƙi kwanciya suna zaune a gabansa.

Kafin mako ya zagayo sai na fara ganin abubuwan da ban gane ba. Babban taiga bab ya sa ƙaramin a gaba, daga safe har dare yana korarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, idan ya gaji da shi kuma ya juya kan sauran yana gatsar musu jela. Niyon ɗin uku suka maƙale a bayan matatar ruwan, launinsu ya dushe ya koma kamar tsohon yadin da rana ta ci, ko abinci sai ya nutse ya iske su suke ɗauka. Ɗaya daga cikin daniyon kuwa ya kama sintiri a jikin gilashi, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sa'o'i yana abu ɗaya. 'Yata ƙarama ce ta fara cewa: "Abba, wannan kifin hanyar fita yake nema." A mako na biyu niyon ɗaya ya mutu, kuma abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata.

Daga nan na zauna na yi karatu a kansu, na gane cewa dukkan nau'o'in ukun kifayen garke ne, waɗanda a inda Allah ya halicce su ba sa rayuwa sai cikin 'yan uwansu masu yawa. Niyon tetra daga ƙananan rafukan yankin Amazon yake, wajen Peru da Burazil da Kolombiya, girmansa bai wuce santimita 4 ba, kuma kifi mai wannan ƙanƙanta ba shi da makamin da ya wuce yawa: idanu da yawa sun fi saurin hango maƙiyi, shi kuma maƙiyin yakan ruɗe ya rasa wanda zai kama. Idan aka ware uku kacal aka sa su a fili mai haske, a wurinsu kullum cikin hatsari suke, shi ya sa suke ɓuya, tsoron kuma yana raunana jikinsu har cuta ta samu ƙofa. Taiga bab, wanda asalinsa tsibiran Sumatara da Borniyo ne, yana da tsarin girma a tsakanin 'yan garkensa, kuma idan suna da yawa faɗan yakan rarrabu a kansu ba wanda yake shan wahala shi kaɗai. Idan biyu ne kawai, duk masifar a kan ɗaya take sauka, ragowar kuma a kan maƙwabta. Masu kiwon kifin ado galibi suna cewa kada a ajiye ƙasa da shida na nau'i ɗaya, kuma shidan ma mafi ƙaranci ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin tunkiyar da aka raba da garke tana kuka a ɗaure ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuskure na biyu da aka yi, wato zuba kifi a ranar da aka cika akwatin. Kashin kifi yana haifar da amoniya, wadda guba ce a gare su, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a cikin matatar ruwan kafin su riƙa sarrafa ta, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ban ji wannan daga bakin mai shagon ba. Haka kuma bai gaya mini cewa ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin ba, sinadarin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda dole a kawar da shi kafin a zuba.

Abin da zan yaba masa shi ne, da na koma da bayani bai yi musu ba. Ya karɓi taiga bab ɗin da daniyon, ya musanya mini da niyon, na cika kuɗi, na riƙa ƙaro su kaɗan-kaɗan har suka kai 12. Na sa tsirrai da busasshen icen da aka tanada don akwati, na rage hasken fitila. Canjin da na gani ya wuce abin da nake tsammani. Waɗanda suka yi makonni a bayan matata suka fito tsakiyar ruwa tun a ranar da suka kai takwas, jan jikinsu ya dawo, suka fara rige-rigen abinci a sama.

A nan ne kuma na ga ɗabi'un da suka sa nake iya zama rabin sa'a bayan sallar isha ina kallonsu. Idan hankalinsu a kwance yake ba sa tafiya a jere, kowa yana kiwonsa a tsakanin ganye, sai dai ba wanda yake nisa da sauran. Da farko na ɗauka wata matsalar ce ta sake tasowa, ashe alamar natsuwa ce. Da zarar an buga ƙofa da ƙarfi, ko inuwar mutum ta gifta, sai su dunƙule wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido, su juya tare kamar jiki guda, ba wanda yake karo da wani. Suna yin haka ne da gani, da kuma wani layi da ke gefen jikin kifi wanda yake jin motsin ruwa. Da asuba idan na kunna fitila nakan same su fari fat, shuɗin ya dushe, sai bayan ɗan lokaci launin ya dawo. Wannan halinsu ne na dare, ba cuta ba ce. Wata rana kuma ina kama ɗaya da raga sai ya ɗan kurje, nan take sauran suka nutse ƙasa suka ƙi cin abinci har yamma. Masanin nan ɗan ƙasar Austiriya, Karl von Frisch, ya gano tun a 1938 cewa fatar wasu ƙananan kifaye idan ta ji rauni tana sakin wani sinadari da ke gargaɗin 'yan uwansu, kuma abin da na gani ya yi daidai da wannan.

Yanayin Kano shi ma sai an yi shirinsa, kuma kayan da aka haɗo mini ba su yi la'akari da shi ba. Niyon ya fi son ruwa tsakanin digiri 21 da 27. A sanyin Janairu ma'aunin zafi ya nuna mini 19 da asuba, dole na sayi hita. A Afrilu kuwa ruwan ya kai 31, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, to idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya sai in ga garken gaba ɗaya ya taso sama yana haki. Na rasa biyu a wannan watan kafin in sayi ƙaramin famfo mai batir, in riƙa buɗe murfi ina juya fanka kan ruwan, wani lokaci in sa ledar fiya wata mai ƙanƙara ta yi iyo a sama don zafin ya sauka a hankali. A ganina famfo mai batir ya kamata ya zo cikin kayan tun farko, ko da za a ƙara farashi.

Akwatin ya cancanci kuɗinsa, kuma zan sake sayen kaya a wurin mutumin, amma wanda zai saya ya nemi nau'i ɗaya guda goma maimakon nau'i biyar biyu-biyu, ya kuma jira ƙwayoyin nan masu amfani su zauna a matatar ruwan kafin ya cika kifi. Makon jiya na koma sayen abincinsu, na tarar yana ƙulla wa wata baiwar Allah taiga bab biyu a leda. Na ce: "Hajiya, idan akwatinki yana da girma ki cika su shida, in ba haka ba ki bar su." Ta dubi mai shagon, shi kuma ya ce gaskiya ne, ya ɗauki raga ya ƙaro huɗu.