Ruhubanawan Doguwar Mutuwa: sun iya faɗa, amma labarinsu na da nauyi

Dungeons & Dragons wasan labari ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20 ta yanke ko duka ya sauka ko ya kuskure. Mu a zauren yayana muke yi, nan Tudun Wadar Gusau, bayan Isha'i.

Jarumin da na riƙe a wannan zangon daga littafin Sword Coast Adventurer's Guide ya fito, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya buga a 2015. Cikinsa akwai wata ɗariƙar ruhubanawa masu faɗa da hannu, ta Doguwar Mutuwa.

A fagen fama ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Tun daga mataki na 3 na girman jarumi, duk maƙiyin da ka kashe a kusa da kai yana ƙara maka jini (makin rai a wasan) na wucin gadi, don haka da wuya ka faɗi cikin taron ƙananan maƙiya. A mataki na 11 kuwa, idan jininka ya ƙare, sai ka ba da maki ɗaya na "ki" (ƙarfin cikin jiki na ruhubanawan) ka tsaya da ƙafarka. Na mataki na 6 ne mai aibi: yana iya firgita duk wanda ke ganinka cikin tazarar ƙafa 30, har da abokan tafiyarka. Ranar da na yi amfani da shi a wata ƙuntatacciyar mashiga, maharbinmu ya kasa matsowa, kibansa suka yi ta zubewa a banza.

Inda na tsaya shi ne labarin ɗariƙar. Littafin ya ce suna kama halittu su yi gwaje-gwaje a kansu, suna rubuta yadda rai ke fita, daga nan suke koyon inda za su doka. Wanda ya rubuta wannan yana neman abin da zai sa tsigar jiki ta tashi ne, ya kuma samu. Amma mu nan Zamfara mutuwa ba baƙuwa ba ce. Cikin masu zama da mu akwai wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a hanyar gona. Da na karanto wannan sashen da Hausa, zauren ya yi tsit, shi kuma ya ajiye fensirinsa ya ƙura wa tabarma ido.

Yayana ya ce, "Ƙanena, ƙarfin na nan yadda yake, amma tarihin sai mun sake shi." Muka mayar da ɗariƙar abokan gaba, jarumina ya zama almajirinsu da ya gudu ya tuba, yana bi ƙauye-ƙauye yana suturta gawarwakin da suka bari. Dokokin wasan ba su hana hakan ba, kuma labarin ya fi armashi nesa ba kusa ba.

Wanda ke son jarumi mai taurin rai ya ɗauke shi, ba zai yi da-na-sani ba. Mai jan labari dai ya fara karanta sashen shi kaɗai, ya san su wa ke zaune a gabansa kafin ya karanto musu.