Sandunan Black Diamond Distance Carbon Z: gwanaye a hawa, sai dai a kiyaye su a gangara

A kan hanyar mashigin tsauni akwai inda gudu yake ƙarewa. Da zarar hawa ya miƙe, ana tashi mita 20 ko fiye cikin kowane mita 100, yawancin 'yan gudu sai su koma tafiyar sauri, tafin hannu a kan gwiwa, cinya na ɗaukar zafi. Wannan wurin aka ƙera wa Distance Carbon Z, sandar dogarawa ta kamfanin Black Diamond da ke Salt Lake City a Amurka. Aikinta ta raba wa damtse da kafaɗa nauyin da cinya da sharaɓa suke ɗauka su kaɗai.

Gaɓa uku gare ta, na kabon (wani abin ƙira mai ƙarfi mara nauyi), da igiya mai rufi da ta ratsa cikinsu ta haɗa su. Idan za a buɗe, sai a riƙe mariƙin, a saki sauran gaɓoɓin su rataya, a ja gaɓar sama har ɗan maɓallin ƙarfe ya fito ya ce ƙwas. Jan nan ne yake ɗaure igiyar ciki, bakin kowace gaɓa ya shige cikin 'yar'uwarta. Naɗewa kuma a danna maɓallin, a tura gaɓar sama cikin mariƙi, a zare gaɓoɓin a lanƙwasa su uku. Wanda hannunsa ya saba yana yin wannan yana cikin tafiya. Mai tsawon santimita 120 takan koma kusan 40 idan an naɗe, kuma guda biyun ba su kai giram 300 ba. Rashin nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai ɗaga sanda ya dasa sau dubbai kafin ya kai mashigi.

Abin da ya fi sa mai saye yin nadama shi ne tsawo, domin wannan samfurin ba a ƙara shi, ba a rage shi. Ana sayar da shi daga santimita 100 zuwa 130, kuma wanda ka ɗauka da shi za ka zauna. Ka tsaya da takalmin gudunka a ƙasa mai shimfiɗa, ka riƙe sandar a tsaye: gwiwar hannu ta yi kusurwa sosai, hannun ya kwanta daidai da ƙasa. Lissafin da aka saba shi ne a ninka tsawon mutum da 0.68, wato mai santimita 170 zai faɗa wajen 115, mai 180 wajen 120. Idan ka faɗa tsakanin biyu kuma hawa mai tsanani ka nufa, ɗauki gajeriyar. Doguwar sanda a kan tudu takan sa hannu ya riƙa tashi sama da kafaɗa, kafin awa biyu wuya da kafaɗa sun ƙage. Akwai ɗan ƙarin soso a ƙasan mariƙin don a sauko da hannu idan hawa ya tsananta, amma gajere ne, bai isa ya gyara kuskuren zaɓe ba. Mai son canza tsawo ya nemi 'yar'uwarta FLZ, wadda take da makulli, ya yarda da ƙarin nauyi.

A hawa, babu abin kushewa. Ba ta karkarwa idan aka danna ta a miƙe, kuma duk ƙarfin da aka sa yana komawa gaba. Sai dai da yawa suna riƙon ta ba daidai ba. Hannu ta ƙasan maɗaurin da ke jikin mariƙi yake shiga, sannan ya sauko ya kama mariƙi tare da maɗaurin, ta yadda gefen tafin hannu ne zai danna, yatsu kuma su huta. Maɗaurin akwai na dama, akwai na hagu. A matsakaicin hawa ana dasa su bi da bi, hannun dama da ƙafar hagu. Inda ya yi tsanani sosai, a dasa biyun tare a ɗan gaba, a yi taku biyu ko uku ana turawa har sandunan su koma baya. Wanda yake wurga su nesa yana jawo jikinsa da hannu, wahala kawai yake sha. Kuma kada a sa ran numfashi zai yi sauƙi, don hannuwa ma iska suke ci. Ribar ita ce a isa sama da sauran ƙarfi a ƙafa.

Aibin yana gangara. Kabon yana jure danna ta tsaye, amma ba ya son karya ta gefe. Alminiyam idan ta sha wuya takan lanƙwashe, a ɗan miƙe ta a ƙarasa tafiya. Kabon kuwa sai dai ya karye nan take, ba gargaɗi. Yadda abin yake faruwa kusan ɗaya ne kullum: tsinin ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, jiki ya wuce gaba da gudu, gaɓar ƙasa ta tafi. Ko kuma mutum ya zame ya faɗa a kanta. Saboda haka a hanya mai manyan duwatsu gara a naɗe su tun daga saman mashigi. Idan dole a sauka da su, a zare hannu daga maɗauri, don idan tsini ya maƙale a saki sandar ta tsira, wuyan hannu da babban yatsa ma su tsira. Mai jiki, ko wanda ya san a sanda yake jingina lokacin saukowa, Distance Z ta alminiyam ta fi masa. Wannan ba raina kabon ba ne, kowace da inda ta dace.

Tsini iri biyu ne, na roba da na ƙarfe mai tauri, ana kwance su kamar noti, kodayake sau da yawa sai da filaya. Na roba yana zamewa a jiƙaƙƙen dutse da taɓo, don haka na ƙarfen za a ɗaura kafin a nufi tsauni, a riƙa duba shi don yakan saki. Ɗan faifan da ke saman tsinin ƙarami ne, ba ya hana sanda nutsewa a dusar ƙanƙara mai laushi, wadda kan daɗe a wasu mashigai har farkon bazara.

Maɓallin nan shi ne ya fi neman kulawa. Gumi da ƙura sukan sa ya ƙi dannuwa, kuma a sanyin sama, da yatsu sun sandare cikin safar hannu, abin yana da ban haushi ƙwarai. Bayan kowace fita a zare gaɓoɓin, a ɗauraye mahaɗan da ruwa, a bar su su bushe a warwatse kafin a ajiye. Yashin da ya kwana a mahaɗa yana cin bakin gaɓar a hankali, har ta fara girgiɗi.

Mai niyyar shiga tsere ya karanta dokarsa tukuna. A tseren UTMB, mai zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, inda ake haye mashigin Grand Col Ferret mai tsayin mita 2,537, wanda ya zaɓi sanda da ita zai fara, da ita zai gama. Tseren Western States na Amurka kuwa ya hana su gaba ɗaya. Kuma idan hadari ya taso ana kan mashigi, a naɗe su a sauka da sauri, domin kabon ma yana ɗaukar wutar tsawa kamar ƙarfe.