Robar tarar nono ta silikon: tana da amfani sosai, amma ba za ta raba ki da tashin dare ba

Salam 'yan uwa masu jego da masu jiran haihuwa, Allah ya sauke ku lafiya. Magana zan yi akan robar nan mai laushi da ake mannawa a mama ɗaya lokacin da yaro yake shan ɗayan. Wadda ta yi suna ita ce ta kamfanin Haakaa na New Zealand, amma yanzu kasuwa ta cika da ire-irenta, tawa ma a wani shagon kayan jarirai na saya nan Kano, ba sunan kowane kamfani a jikinta, kuɗinta kuma bai kai na gwangwanin madarar jarirai ɗaya ba. Mililita (mil) 100 na nono take ɗauka.

Ba ta da batir, ba ruwanta da caji ko nefa. Ki lanƙwasa bakinta baya, ki matse gindin, ki ɗora ki saki, shikenan ta kama. Duk mai shayarwa ta san yadda in yaro ya kama ɗaya sai ɗayan ya fara zuba ya jiƙa riga ya jiƙa zani, toh wannan nonon da yake tafiya a banza shi take tara miki. A nan kam wallahi ba ni da abin cewa sai sambarka, musamman da asuba lokacin da nono ya fi cika.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake tallarta. Mai shagon ce min ya yi, "Hajiya in kin tara da rana ai shikenan, da dare sai ki yi barcinki a ba shi a fida." Kuma na ji mata da yawa da wannan niyyar suke saye tun kafin suna. Dan Allah ku daina gaya wa masu jego haka, domin jariri sabon haihuwa yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a awa 24, wato kusan duk bayan awa biyu zuwa uku, kuma daga lokacin da ya FARA sha ake ƙirgawa ba daga lokacin da ya gama ba, kinga in ya yi minti arba'in yana sha ai saura kaɗan ya sake nema. Cikinsa ranar farko abin da yake ɗauka bai wuce cokalin shayi ɗaya da ɗan wani abu ba, shi ya sa dakashin nan ɗan kaɗan da wasu suke rainawa ko su ce a zubar ya ishe shi, kuma shi ne rigakafinsa na farko. Ko da ya kai sati ɗaya, mil 45 zuwa 60 ne. Ga nonon uwa da saurin narkewa. Ta yaya mai irin wannan cikin zai kwana tun isha har asuba bai farka ba?

Sannan jikinki ma yana buƙatar shan daren. Sinadarin da yake sa a samar da nono, firolaktin, da dare ya fi yawa a jini, kuma nono gwargwadon yadda ake cire shi yake zuwa. In kika kwana ba a sha ba a makonnin farko, ki tashi mama ta yi tauri tana zafi, wani lokacin har kumburi da zazzaɓi, daga baya kuma ruwan ya fara raguwa sai a ce ai ke dama ba ki da nono. A asibiti ma nas ta ja min kunne, ta ce yaro mai yawan barci kar na bar shi ya wuce awa huɗu bai sha ba, na tashe shi, har sai ya dawo nauyin da aka haife shi da shi, wanda yawanci yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Kuma ta ce in ina son na san yana ƙoshi na duba fampas, daga kwana biyar zuwa sama a samu fitsari aƙalla sau shida a rana.

Akwai kuma rigimar magariba, wannan ita ce take karya zuciyar mutum. Yaro ya sha, ki ajiye shi, minti ashirin ya sake nema, haka har goma na dare, sai ki ji manya a gida suna cewa nonon ba ya isarsa a ba shi ruwa ko a haɗa madara. Yara da yawa haka suke yi da yamma, yakan ƙaru wajen sati uku da sati shida lokacin da girma yake zuwar musu da sauri, kwana biyu uku sai ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata shida, ko ruwa ba a ba su ko da zafi ake, tunda sama da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne. Na san faɗin haka a gaban surukai ba sauƙi, amma gaskiya ce.

Toh ina amfanin robar kenan? Ni wajen arba'in na fara jin daɗinta, lokacin yaro ya iya kama mama sosai, nono ya zauna. Abin da na tara da safe sai Umma ta ba shi sau ɗaya da dare da ɗan kofi, ni kuma na samu barcin awa uku zuwa huɗu a jere, in ya sake farkawa na karɓe shi. Sha ɗaya kacal ta ɗauke min, amma duk wadda ta yi jego ta san darajar wannan barcin. Ranar awo ma ko zuwa kasuwa tana rufa asiri.

Maganar ajiya ita ce mai wuya a garinmu. Ƙa'idar da ake bayarwa ita ce awa 4 a ɗaki, amma ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ake nufi, mu kuwa a watan Afrilu sai a kai 40, don haka ni ba na yarda ya zauna a waje. A firij kwana 4 ne in wuta tana nan tsaye, wanda sai mai sola. Abin da ya fi min sauƙi shi ne ƙaramar kula da ƙanƙara, yana iya kaiwa awa 24 a haka. In za a ba shi a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kar a ɗora a wuta, wanda ya sha ya rage kuma in ya wuce awa biyu a zubar.

Matsalolinta ba zan ɓoye ba. Yaro yana fara wutsil-wutsil da ƙafa zai iya harbo ta, duk abin da kika tara ya kife a jikinki, kuma tawa ba murfi ba kuma gindin da yake manne wa tebur, sai cikin kofi nake tsayar da ita. Layin awon da ke jikinta ma bai dace da na fida ba, ƙari yake nunawa. In kika matse ta da yawa tana ja da zafi har ta bar shaida. Sannan kar ki riƙa sa ta a kowane sha, saboda tana jan nono fiye da wanda yake zuba da kansa, sai ta kwashe wanda yaro zai sha a mama ta biyu, ko ta sa nono ya yi miki yawa ki koma fama da kumburi. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa.

Mai komawa aiki ko makaranta bayan hutun haihuwa, wannan kaɗai ba za ta ishe ki ba gaskiya, ba ta tatse mama tas, ki nemi mai famfon hannu ko ta lantarki ki haɗa da ita. Wanki kuwa ba wahala tunda abu ɗaya ne ba haɗe-haɗe, sabulu da ruwan ɗumi bayan kowane amfani, a tafasa ta na 'yan mintoci, a kife ta bushe. In za ki saya ki sa a buɗe miki kwalin a shagon, ki shinshina, mai warin roba sosai ki bar musu, ki ɗauki mai murfi da gindi mai mannewa ko da ta ɗan fi tsada.