Kafin ka sayi zanen da ke ɗauke da almara

Mai son rataya zanen almara a falo ko ofis yana da hanya uku a Najeriya: ya sayi aikin asali na wani fitaccen mai zane, ko bugaggen kwafi mai sa hannu, ko ya ba wani matashi aikin zana masa labarin da yake so. Kuɗinsu ba ɗaya ba, haɗarinsu ma haka.

Aikin asali shi ne na masu hannu da shuni. A nan sunan da za ka fi ji shi ne na masu zanen Osogbo, waɗanda suka fito daga horon da wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta shirya a cibiyar fasaha ta Mbari Mbayo da ke garin a 1964. Twins Seven-Seven, wanda ya rasu a 2011, yakan cika allonsa maƙil da iskoki da dodannin tatsuniyar Yarbawa, Jimoh Buraimoh kuwa da duwatsun ado yake aiki. Matsalar ita ce jabu. Idan dillali ba zai iya nuna maka hannuwan da zanen ya ratsa kafin ya iso gare shi ba, riƙe kuɗinka. Gara ka bi ta gidan gwanjo irin Arthouse Contemporary da ke Legas, ko da farashin ya ɗaga.

Bugaggen kwafi ya fi sauƙi, kuma ba hoton kalanda ake nufi ba. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko, ta wannan hanyar ya yaɗa labaran ƙabilarsa ta Urhobo. Duba ƙasan takardar: akwai sa hannu, akwai lamba irin 12/50, wato na 12 cikin 50 da aka buga. Babu su, to fosta ce aka sa wa firam.

Ni dai na fi karkata ga ta uku, musamman ga wanda yake son labarin gida. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye masu hannu duk shekara. Sai dai kada ka ce "zana mini Bayajidda" ka juya. Abin da za a kawo maka doki ne da rawani da takobi, wanda bai bambanta da hawan sallah ba. Faɗi wurin da kake so a labarin: daren da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ne, ko lokacin da ya zura guga a rijiyar Kusugu macijiya Sarki ta taso, ko safiyar da Daurama ke cigiyar wanda ya sare kan? Kowanne da ma'anarsa. Wanda ya zana mata a jere da tuluna suna ɗiba ba ranar Juma'a ba, wadda ita kaɗai ce ranar da macijiyar ke barin a ɗebi ruwa, ya fahimci labarin fiye da wanda ya zana jini. Nemi zanen gwaji na fensir kafin ka ba da kafin alƙalami, ku kuma daidaita ko fentin mai ne ko akirilik, don na mai yana jimawa bai bushe ba.

Abu guda ya shafi duka ukun. Gidaje da yawa ba sa rataya siffar mai rai, kuma Osun da Sango, allolin gargajiyar Yarbawa da ke cikin wasu zanukan Osogbo, har gobe akwai masu bauta musu. Tambayi mai sayarwa ko wane ne a jikin allon tun kafin ku fara ciniki.