A-kori-kura mai batir da mai fetur: wacce ta fi saurin kifewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a-kori-kura mai lantarki, tun da ta fi nauyi, ta fi mai fetur saurin kifewa a kwana. A ganina mai fetur ce ta fi kusa da kifewa, kuma dalilin yana wurin da nauyin ya zauna.

A mai fetur, inji da giya suna ɗare kan shasi mai tsayi, saboda haka cibiyar nauyinta, wato wurin da nauyin motar ya daidaita, tana sama. Ita kuwa mai lantarki, kamar Ford F-150 Lightning, batirinta mai kusan kilo 800 a shimfiɗe yake a ƙasa tsakanin tayoyi. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da lissafi mai sauƙi: a raba faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ɗauki faɗin mita 1.7. In cibiyar tana mita 0.75 daga ƙasa, za ka samu 1.13, in ta sauko 0.65, ya zama 1.31. Yadda adadin ya ƙaru, haka kifewa ke ƙara wuya. Ka lura yawan kilo bai shiga lissafin ba sam.

Amma kada wannan ya sa ka saki jiki, kuma nan ne abin ya fi damuna. Galibin motocin da ke kifewa, taya ce ke cin karo da gefen titi ko ta nutse a ƙasa mai taushi, motar ta wuntsila. Mai batir ma ba ta tsira daga wannan ba. In kuma ta kife, rufinta ne zai ɗauki duk nauyin nan, ga shi birki ya fi shan wuya kafin ta tsaya. A 2023, a wani gwaji a Jami'ar Nebraska, wata a-kori-kura mai lantarki, Rivian R1T, mai nauyin fiye da tan 3, ta keta shingen ƙarfe na gefen hanya ta wuce.

Lodi kuma, duk ɗaya ne. Ka tula kaya har saman kai ko ka ɗaga bodi da manyan tayoyi, cibiyar nauyi ta hau, ribar da batir ya ba ka ta fara zarewa.